Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A shekara ta tara da zamana Kwatano, inda nake tuƙa motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, na shiga cocin samarin nan masu fararen riguna da ke yawo bibbiyu. Ban gaya wa kowa a gida ba. Gidanmu yana wani ƙauye gabas da Dungas, gidan Musulmi ne tun kaka da kakanni, kuma na san abin da zai biyo baya. Zagin gari bai dame ni ba, don ni ma ba baya ba ne wajen baki. Abu guda nake tsoro, Inna ta ji ta cire ni daga cikin 'ya'yanta.

Da na shekara a cocin aka ce na isa zuwa Haikali. Haikali daban yake da ɗakin da muke taruwa ran Lahadi. Wanda muke zuwa yana Ankara, ƙasar Gana, kuma ba a shigarsa haka kawai. Sai mutum ya yi shiri, ya zauna gaban shugabanni biyu ɗaya bayan ɗaya su yi masa tambayoyi kan imaninsa da zamansa da mutane, sannan a ba shi 'yar takardar izini. Na kama shiri ba kama hannun yaro. Na ƙara azumi, na rage faɗa da 'yan duwan, wato kwastan, na kai wa tela farin yadi ya ɗinka mini riga da wando. Shayi kuwa tun shigata na bar shi don addinin ya hana, ko da yake har yau in na ji ƙamshinsa sai na haɗiyi yawu.

Akwai kuma maganar matattu. Mai zuwa Haikali yakan tafi da sunayen danginsa da suka rasu. A can wani mai rai zai shiga ruwa a madadin mamacin, a kira sunan a fili, sannan a bar wa mamacin zaɓi, ya karɓa ko ya ƙi. Aka ba ni takarda mai gidaje-gidaje in cike. Na rubuta Baba, na rubuta iyayensa. Gida ɗaya ya tsaya mini a rai. Inna tana da 'yar fari wadda sanƙarau ya ɗauke tana da shekara goma sha biyu, tun ba a haife ni ba. Kowa da lakabin ranar haihuwarta ya san ta. Sunanta na yanka, wanda liman ya raɗa mata, babu mai rai da ya san shi sai Inna. Baba ya tafi, gwaggonnina sun tafi, yayana kuwa bai wuce shekara huɗu ba a lokacin.

Wani dattijo a cocin ya ce in rubuta lakabin, ya wadatar. Na ƙi. Ni mutum ne mai taurin kai, kuma na riga na sa wa raina cewa yarinyar nan tana wani wuri tana jira, kusan shekara hamsin ba wanda ya kira ta da sunanta. Sai na nemi hutu na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa gida.

Na san inda gizo ke saƙar. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce, kuma su Inna sun riƙe ta hannu bibbiyu. An ce ranar da aka fita da gawar, tana bayan ɗaki tana surfe, ba wanda ya ga hawayenta.

Na isa a ƙarshen bazara. An yi binne, iri yana cikin ƙasa yana jiran ruwa. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, kaji su shige ƙarƙashin rumbu, sai ya watse ba ko ɗigo. Mutane sun rage magana. Shanunmu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Yayana ne babba a gidan yanzu. Mutum ne mai shiru, kuma shirunsa ba na rashin abin faɗa ba ne. Ranar farko ya dafa shayi a ƙofar gida ya miƙo mini kofin farko, mai ɗacin nan da ake ba manyan baƙi. Na ce cikina ne ba daɗi. Ya dube ni, ya shanye da kansa. Rana ta biyu na sake cewa cikina. Rana ta uku bai miƙo ba.

A masallaci ina bin sahu, in an sunkuya in sunkuya, bakina na motsi da wata addu'ar daban. Na gaya wa kaina ladabi ne. Amma jiki bai iya ƙarya kamar baki ba. Wata rana aka ajiye mana tuwo, na manta, na naɗe hannuwa a ƙirji na rufe ido kamar yadda muke yi kafin cin abinci. Da na buɗe ido, yayana ya tsame hannunsa daga akushi yana kallona.

“Wannan kuma wace irin bisimilla ce?”

“Gajiya ce, Yaya.”

“To. Allah ya ba da hutu.”

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ban san yadda tuwon nan ya wuce ba.

Inna ma ta yi nata ganin. Ta zazzage jakata don ta ba a wanke mini kaya, sai ga fararen kayan da na kasa bari a Kwatano. Na tarar da ita ta shimfiɗa su a kan gado tana shafawa.

“Farin nan ko zare ɗaya na ado babu,” in ji ta. “Mutum ba ya yawo da irin wannan sai in ya ji wani abu a jikinsa. Lafiyarka ƙalau?”

Na ce kayan aiki ne. Ta ninke su a hankali kamar mai ninke likkafani, ta mayar. A lokacin nakan zagaya bayan gari da rana tsaka, in durƙusa gindin wata gawo in roƙi Allah ya tsarkake mini zuciya kafin tafiya. In tashi in kakkaɓe gwiwa, in dawo gida in ɗora wata ƙaryar a kan ta jiya.

Wata safiya na same ta tana ɓare gyaɗar iri. Na zauna kusa da ita da kaye, wato littafin rubutu, da biro, na fara da iyayenta. Waɗannan ta ba ni su da daɗin rai, har da labarin kakanta da ya yi faɗa da kura da sandar kiwo, wanda duk shekara kurar ƙara girma take. Sannan ta ce me zan yi da su.

“Addu'a za a yi musu, Inna. Akwai inda ake kai sunayen mamata.”

“Malamai ne?”

“Manyan mutane ne.”

“Sauka ke nan za su yi. Allah ya yi maka albarka.”

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba, kuma har na ji daɗin wayona. Na bar albarkar ta sauka a kaina, sannan na ce saura mutum ɗaya. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ba ta tambaye ni wa nake nufi ba. Ta tashi, gyaɗa ta zube daga zanenta, ta shige ɗaki.

Kwana biyu ba ta tayar da maganar ba. A na uku da hantsi, matan gidan sun tafi rijiya, ta kira ni ɗakinta ta ce in saki labule.

“In babu sunan, addu'ar ba za ta same ta ba?”

Nan ne ya kamata in tsaya. Na san Allah ba ya buƙatar in nuna masa hanya, a tsohon addinina da sabon duka. Amma na ce, “Da sunan ya fi, Inna.”

Ta juya ta fuskanci bango. Sannan ta faɗe shi, murya can ƙasa, har sai da na matso. Ta sake faɗa, ta kuma faɗa, kuma waɗannan biyun ba da ni take ba. Kiranta take. Daga nan kukan ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga babban mutum ba. Ni kuwa na rubuta. Zan faɗi gaskiya ko da ta yi muni: abin da na fara ji murna ce, gidan da ya rage ya cike.

Da yamma ta kawo mini tiya biyu ta hatsi ƙulle a tsumma, a lokacin da rumbu ya kusa ƙasa kuma ba wanda ya san ko ruwa zai zo. Ta ce in kai wa malaman sadaka. Da na karɓa sai na ji murnar ta bar ni, tsoro ya zauna a wurinta.

Kashegari yayana ya ce in raka shi ban-ruwan shanu. Muka yi ta jan guga. Sai da shanu suka ƙoshi ya naɗe igiya, ya tsaya yana kallon gabas.

“Ban tambaye ka ba, kuma kada ka gaya mini,” in ji shi. “Abin da ban ji da kunnena ba, ba ya wuyana. In na ji, akwai abin da zai zama dole in yi, kuma ba na so. Amma tsohuwar nan ta yi kuka jiya, an gaya mini. In ka karɓi wani abu a hannunta da sunan abin da ba shi ba, ka mayar kafin ka tafi.”

Ya kora shanunsa ya bar ni a bakin rijiya. Cikin tambayoyin da za a yi mini kafin a ba ni takardar izini, akwai wadda ke cewa ko ina riƙon gaskiya tsakanina da mutane. Na sha bitar amsar a raina ina tunanin 'yan duwan da masu motoci. Ban taɓa kawo Inna cikin mutanen ba.

Ranar tafiya, mai kabu-kabu yana ƙofar gida ya ɗaure jakata, na shiga yi mata sallama. Na durƙusa na gaya mata duka: cocin, Haikalin, ruwan. Ban yi wa maganar kwalliya ba, don na san in na fara ba zan gama ba. Ta saurara ba ta katse ni ba.

“Wata mace za ta shiga ruwa, a kira ta da sunan?”

“Eh, Inna.”

“Wadda ban sani ba.”

“Eh.”

“'Yar da aka yi wa wanka, aka yi mata sallah, aka kwantar da ita tana kallon gabas.”

Ta miƙo hannu. Na ciro kayen, na yage shafin na ba ta. Inna ba ta karatu. Ta dubi takardar ta ce in nuna mata inda yake, na ɗora yatsa. Ta ninke ta ƙanana, ta ƙulle a bakin zanenta.

“Na cikin kanka ba ni da hannun cire shi,” ta ce. “Amma in aka kira shi a wurin nan, ban yafe ba. Hatsin ka tafi da shi, na riga na ba Allah, ka ba duk mai yunwar da ka gani. Yayanka ba zai ji komai daga bakina ba. Tashi, ana jiranka.”

Ba ta tsine mini ba, ba ta kore ni ba. Na hau babur ina cewa na tsira.

A Kwatano na zauna gaban shugabannin, na amsa tambayoyinsu, na gaya wa na farkon abin da na yi. Ya ce in girmama maganar mahaifiyata. Aka ba ni takardar. Na je Ankara, na sa fararen kayana, na shiga. Gidan nan na takardar na bar shi ba komai, har lakabin ban rubuta ba.

Ina kiran gida duk Juma'a ta wayar yayana. Inna tana karɓa, ta tambayi lafiyata da aiki, ta gaya mini wanda ya haihu da wanda ya rasu. Sai da aka yi watanni kafin na gane abin da ya ɓace. Ni ne auta. A da, kafin mu gama gaisuwa ta kira sunana sau biyar, wani da faɗa, wani da wasa. Tun ranar nan ba ta ƙara ba. Na yi ta kasa kunne mako bayan mako, ina yi mata uzuri da tsufa.

Rannan na kasa daurewa.

“Inna, kin san da wa kike magana kuwa?”

“Na sani.”

“To wane ne?”

Na ji numfashinta, na ji kukan akuya a tsakar gidanmu. Na matse wayar a kunne ina jira.

“Ka gai da mutanen wurinku,” in ji ta, ta miƙa wa yayana wayar.