Maganin da Na Sayar wa Uwar Sagir

Kafin in lalace, ni mai kemis ne a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani ɗan shago kusa da inda 'yan adaidaita sahu suke hutawa. Mutanen unguwa sun yarda da ni. Har "Likita" suke ce mini, alhali ban taɓa karanta aikin lafiya ba.

Da maganin tari abin ya fara. Wani matashi ya zo ba takardar asibiti, ba ya kuma tari, na ba shi kwalba ɗaya. Washegari ya dawo da abokansa. Cikin 'yan watanni kodin da taramol sun fi komai tafiya a shagona.

Sai iyaye suka fara zuwa da hawaye, suna neman abin da zai raba 'ya'yansu da shaye-shaye. A nan na ɗora wani zaluncin a kan na farko. Na riƙa niƙa ƙwayar barci ina damawa da zuma, in ce musu magani ne daga ƙasar waje. Da safe in sayar wa ɗa ƙwaya, da yamma in sayar wa uwarsa magani.

Cikinsu akwai Inna Ladi, dattijuwa mai tuyar ƙosai a Unguwar Gano. Ɗanta ɗaya, Sagir, direban adaidaita, yana cikin masu sayen ƙwaya a wurina. Duk Talata bayan azahar takan zo ta karɓi kwalba ɗaya.

Ana nan sai Sagir ya daina zuwa. Ita kuwa ba ta fasa ba. Na tambaye ta jikinsa.

Ta ce, "Da sauƙi, Likita. Yanzu barci yake yi sosai. Ko motsi ba ya yi."

Ba ta zama, ba ta kallon kwalbar. Ni take kallo har in gama ɗaure ledar. Talata uku muna haka. Rannan na tambayi wani abokin aikinsa ina Sagir ya shiga.

Ya dube ni ya ce, "Ai an yi kwana ashirin da kai shi makabartar Tarauni. Ya sha ƙwayarsa, uwarsa ta ƙara masa maganin da take sayowa, ya kwanta bai tashi ba."

Talata ta zagayo, na ji takun silifas ɗinta tun daga bakin kwata. Ta shigo ta tsaya a gabana.

Na ce, "Inna, na ji abin da ya faru. Allah ya ji ƙansa."

Ta ce, "Ba ni maganin."

"Wa za ki ba?"

"Ina ajiye masa a ɗakinsa. Kai ka ce kada a tsallake ko mako ɗaya."

Na miƙa mata. Har yau ban san ko hankalinta ne ya taɓu ba, ko kuwa ta san abin da take yi mini.

Maƙwabciyarta, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ita ta ga kwalaben jere a kan katifar marigayin, ta kai ɗaya aka gwada. Aka kama ni, alƙali ya ɗaure ni.

A gidan yari wata likita ta zo tana bincike a kan masu laifin ƙwaya. Ta tambaye ni dalilin da ya sa iyaye suke zuwa wurina maimakon asibiti. Na gaya mata: suna jin kunya, ba su san ƙofar da za su buga ba, wasu ma ba su san ana warkar da abin ba. Ni kuwa ga ni a bakin layi, ba na tambayar kowa komai. Ta rubuta, ta ce abin da suke son ganowa ke nan, don a kawo taimako kusa da jama'a.

Da na fito na tuba, na nufi Unguwar Gano neman gafara. Na tarar da wasu mutane a gidan. Suka ce tsohuwar ta rasu tun ina ɗaure.

Samari, ku ji ni. Duk wanda ya miƙo muku ƙwaya ba aboki ba ne, ni na san abin da ke zuciyarsa. In kun riga kun faɗa, ku gaya wa babba, ku je asibiti, kada kunya ta kai ku hannun irina. Mai sayarwa kuma ya daina tun yau, tun wanda zai roƙa gafara yana da rai.