Wayar da Na Ɓoye a Kallabin Inna

Yanzu na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har jikokina sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma ranar da na sa wa mahaifiyata waya a kunne, wannan kam ba zan manta da ita ba har a kai ni makwancina. In na tuna ta sai in ji kaina ya ƙara girma, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

A wani ƙauye muke kusa da Tabotaki. Lokacin ina da aure da goyo ɗaya, gidan mijina da na iyayena ba nisa, sana'ata saƙar tabarma. Ni ce ta biyu a wurin Inna, kuma ni ce mai bakin gidan, abin da kowa ya haɗiye ni sai na furta shi. Yayana, ɗan farinta, ya tafi Abijan bayan shekarar da damina ta ƙi. Tafiyar ba laifi ba ce, samarin Adar kowa tafiya yake yi. Laifin yadda ya tafi ne. Ya kama ragon da Inna ta shekara tana kiwo, ya sayar, ya shiga mota, ko sallama bai yi mata ba.

Inna ba ta ce uffan ba. To, da ma me za ta ce? A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, a gaban mutane ba ta nuna ta san yana duniya. "Wancan" take ce masa. Baƙo sai ya ce ba ta damu ba, amma ni da nake shiga gidan kullum na ga tuwonta yana kwana a kwano, na ga zanenta yana ƙara zagaye ta.

Shekara biyu shiru, sai ga wani ɗan garinmu ya dawo da saƙo: rediyo mai cin kaset, da kaset ɗaya. A zamanin haka 'yan ci-rani suke aiko da wasiƙa, tunda mu ba boko muka yi ba. Baba ya sa pil, wato batir, ya ajiye rediyon a tsakar gida, maƙwabta suka cika mu. Muryar Yaya na fitowa Inna ta miƙe ta ɗauki tulu, wai ruwa ya ƙare, alhali randa cike take. Yaya ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har jakin Baba bai bari ba. Can wajen ƙarshe sai muryarsa ta sauya, ya ce, "Baba, nan ka kashe. Abin da ya rage na Inna na, ita ɗai za ta ji. In ta ji, ku aiko mani da abin da tac ce. In ba ta ce komi ba, na gane, ba ni da huskar da za ni taho gida da ita."

Baba mutum ne mai amana, nan take ya danna ya kashe. Kaset ya tsaya a wurin nan wata huɗu. Na ɗauki rediyon na kai ɗakinta, ta koro ni da muciya. "Ke, hita mani da abin ga! A ce na shige ɗaki ina sauraren wancan?" Kuma tana da gaskiya, don rediyon ko an rage shi sai na bayan danga ya ji. Ga Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita ce mai gadin al'ada, in mace ta kuskura ta yi wa ɗan fari murmushi, sai ta yi mata habaici a bakin rijiya har ta ƙi fitowa ɗiban ruwa. Mai kawo saƙon kuwa zai koma da an gama girbi. In ya koma hannu wofi, Yaya zai ɗauka amsar ke nan, mu kuma mun rasa shi.

Wata rana na bi ta gefen lakkwal, makarantar bokon garinmu, na tarar da mushe, wato malamin makarantar, zaune ƙarƙashin bishiyar bedi shi kaɗai yana ƙyalƙyala dariya. Na zaci iskokin kakanninmu ne suka hau shi, har na fara ja da baya. Sai na ga wata siririyar waya ta fito daga kunnensa ta shiga ɗan rediyonsa. Ni da rashin haƙuri, na tambaye shi. Ya ce sunanta ekutar, in ka cusa bakinta a wani ɗan rami a jikin rediyo, sai rediyon ya yi shiru, maganar ta koma kunnenka kai kaɗai. Ya ce a Madawa ake samu, amma in kula, ramukan ba girmansu ɗaya ba.

Ban iya fita da rediyon Baba ba tare da gari ya sani ba. Sai na yi abin da na iya. Na duba gefensa na sami ramin, na fiƙe tsinken kaba da wuƙar saƙata har ya shiga daidai, ba matsi ba sako-sako, na yi masa alama inda ya tsaya. Na ɗaure shi a bakin zanena. Ranar kasuwa na ɗaura tabarmina a motar Madawa, mijina yana tsokanata wai yau kuma wa zan je in yi wa faɗa.

Da na sayar da tabarmin na shiga tambayar masu abin kunne, aka nuna mini mai sayar da 'yan kunne da awarwaro. Sai da na kwatanta da hannu aka kai ni rumfar wani mai rediyo a bakin babbar hanya. Ya dube ni, ya dubi ƙurar ƙafata, ya ɗauko wani ƙaton abu mai faifai biyu da ake ɗorawa bisa kai.

"Ƙanwata, ga kas. Wanga shi manya ka sawa, har 'yan buro, ma'aikatan gwamnati. Kunne biyu shika ruhewa."

Ya ɗora mini, ya kunna kiɗa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗinsa har cikin haƙori na ji shi. Amma kuɗinsa ya cinye tabarmina kaf, kuma ko kyauta ya ba ni ba shi da amfani a wurina. Inna da wannan a kai, ai gara in hau rumbu in yi shela. Na ce ya kawo ƙarami irin na mushe.

"Wancan na talakkawa na, kunne guda."

"Kunne guda nika so. Gudan na sauraren gida na."

Ya zubo mini su a kan tebur yana taɓe baki. Na kwance tsinkena na fara gwada bakin kowace waya da shi. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga 'yar ƙauye tana awon rediyo da kaba. Na ci gaba da awona, don mai nema ba ya fushi. Sai ga shi rabinsu sun fi tsinkena siranta, shi kansa kas ɗin da yake yabo bakinsa ya yi kaurin ɗan yatsa. Dariyar ta ragu. Waɗanda suka dace na ce sai an kunna mini su ɗaya-ɗaya. Na farko, ina murza wayar a wuyanta sai magana ta riƙa yankewa, na ture shi. Na biyu ƙara gare shi kamar ana soya ƙuli, kuma wayar gajera ce. Na uku ba shi da kyan gani, amma muryar mutum tana fita a cikinsa tas, wayar kuma ta kai kamu uku. Na ce a kashe kiɗa a sa mini magana, don ni ba rawa na zo saye ba. Na ji, na gamsu, na biya kuɗin tabarma biyu bayan mun ja ciniki. Da zan tafi ya ce, "Ke, wa yak koya maki wanga aiki?" Na ce masa wadda ta san zaɓen kaba ba a sayar mata da ruɓaɓɓen abu.

A gida na naɗe wayar da baƙin zare tun daga wuya har ƙasa, don kada ta karye kuma kada ta yi haske a jikin zane. Na jira la'asar, lokacin da Baba yake gona kuma mata suke daka. Ƙannena biyu suna bakin turmi, Gwaggo na kan tabarma da tasbaha, Inna na ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na sa rediyon a kwando na rufe da kaba, na zauna kusa da ita kamar zan yi saƙa.

"Inna, kallabinki ya karkace, kawo in gyara."

Na zura wayar ta ƙarƙashin kallabin na sa mata a kunne. Ta zabura za ta fizge, na riƙe hannunta na ce a hankali, "Ba mai jin shi sai ke. Ko ni ba ni ji." Na danna.

Duk dabarar nan tawa, abu ɗaya na manta. Na gaya mata ba mai jin sa, ban gaya mata ita ana jin ta ba. Ita kuwa a ganinta, tunda maganarsa ta shige cikin waya, tata ma ta nan za ta bi. Kuma wanda aka toshe wa kunne bai san ƙarfin muryarsa ba.

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Sai kawai na ji ta ce da ƙarfi, "Lahiya lau. Lahiya lau muke." Kafin in kai hannu ta ci gaba, "Rago? Wane rago? Kai, ni rago nika ma kuka?" Daga nan ta kira sunansa. Sunan da tunda na zo duniya ban taɓa ji a bakinta ba, ta kira shi sau uku, hawaye na bin kuncinta. "Na yahe maka, duniya da lahira. Taho gida, ka ji? Taho in gan ka."

Taɓare suka tsaya. Na ce a raina shi ke nan, na zo gyara na tsiraita uwata a gaban Gwaggo. Wallahi a lokacin da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Gwaggo ta dubi Inna, ta daɗe tana dubanta. Sai ta ajiye tasbaha, ta miƙe da ƙyar, ta fizge taɓarya daga hannun ƙanwata.

"Ku mi kuka kallo? Hatsin ga shi za ya daka kainai? Ku daka!"

Tsohuwar da ta yi shekaru ba ta taɓa turmi ba, ita ce ta shiga lugude, tana jefa taɓarya sama tana tafawa. Ƙannena suka bi ta. Ƙarar daka ta rufe gidan, Inna kuma ta ci gaba da hira da ɗanta a ƙarƙashinta har kaset ya ƙare. Surfe kawai aka zo yi, amma ranar sai da ya koma gari lilis.

Inna ta zare wayar, ta goge fuska da bakin zane, ta ce hayaƙi ya dame ta, alhali ba a hura wuta ba. Ta matso ta raɗa mini, "Abin naki na da kyau, ba wanda yaj ji." Na ce, "Ba wanda yaj ji, Inna."

Ranar da za a ɗauki kaset ɗin amsa, Inna ta ɗauki tulunta kamar kullum. Kowa ya yi gaisuwarsa, sai Gwaggo ta ce a matso mata da rediyon. Ta gyara murya ta ce, "Kai, Gwaggonka ta. Ni kunnena ya mutu. Ban ji uwarka ta ce ta yahe maka ba, ban ji ta kira sunanka sau ukku ba, ban ji ta ce ka taho ta gan ka ba. Duk ban ji ba. In kana da hankali ka san abin yi."

Kafin ruwan farko ya sauka Yaya ya shigo gida yana jan rago. Inna ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ku ba wancan ruwa." Amma ranar na ga ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Har ta bar duniya ba wanda ya gaya mata an ji ta, duk surutun garinmu kuwa. Bayan rasuwarta muka tarar da wayar a ƙasan kwallarta, naɗe cikin tsohon kallabi, da baƙin zarena a jiki.

Tun daga ranar nan ba na tambayar abu wane ne ya fi tsada ko wane ne manya suke sawa. Ina tambaya ne wa zai yi amfani da shi, kuma me yake tsoro. Da na bi bakin mai rumfa na sayi babban, da yayana ya tsufa a Abijan. Na kuma koyi cewa kunya ba rashin so ba ce. In ka ga mai kunya yana ƙuna a ciki, kada ka tsaya yi masa wa'azi, ka nemo masa 'yar hanya daidai shi, in kuma muryarsa ta ɓalle, ka ɗauki taɓarya.