Tarihin da Yaya Ya Sa Na Rubuta

Garinmu na yanzu yana bakin hanyar Kabo, amma asalinsa can gangare ne, bakin kogi, inda muke kira Tsohon Gari. Ina yarinya akwai ragowar ganuwa a wurin, da ramukan rini da ciyawa ta rufe. Goggo, yayar babanmu, ita ta riƙe labarin. Takan ce kakan kakanmu ne ya fara sauka da shanunsa saboda ruwa, marina suka biyo shi, daga baya masunta. Kowane gida a garin yana da kaburbura a can, ba wanda ya taɓa cewa wurin nasa ne.

Ina koyarwa a Gwarzo babban wanmu ya zo har makaranta ya same ni.

"Malama, so nake ki rubuta mana tarihin Tsohon Gari," in ji shi. "Zan kai wa hukuma a kewaye wurin kafin ya ɓace."

Na ji daɗi ƙwarai. Hutun nan gaba ɗaya a ɗakin Goggo na yi shi, tana faɗa ina rubutawa. Har tsofaffin gidan marina na bi, suka ba ni nasu labarin, suka sa hannu a shafin ƙarshe. Da na gama na damƙa wa Yaya kwafi ɗaya.

Bayan damina na je gida, na gangara kogi, sai na tarar da tifofi suna lodin yashi. An rushe ganuwar, ramukan rinin babu ko ɗaya. Wani direba ya ce ai magadan wurin ne suka sayar, har da shaidar tarihi.

Ashe Yaya ne ya sayar, kuma shafin farko kawai ya kai wa hukuma, inda na ce kakanmu ne ya fara sauka, ya haɗa da shafin sa hannun.

Na same shi a zaure yana cin abinci.

"Yaya, haka muka yi da kai?"

"Ƙarya kika rubuta?" ya ce, bai ko ɗago ba.

Washegari wata tsohuwa daga gidan marina ta tare ni a hanya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "'Yar nan, kabarin uwata yana cikin tifa."

Na je na nuna wa masu unguwa cikakken littafin. Suka karanta, suka ce a yi haƙuri, aikin gama ya gama. Goggo ta rasu ba ta sani ba, don na hana kowa gaya mata. Ni da Yaya muna gaisawa idan an haɗu a suna ko jana'iza.