Bencin da Ya Juya Mana Baya

Gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi daga waje kawai yake da kyau. Kafin mahaifinmu ya rasu ya manna wa katangar gaba tayil ruwan madara, da niyyar idan ya huta ya shiga ciki da gyara. Rai bai kai shi ba. Damina ta riƙa bin ɗakunan tana yaye kwano, har muka tattare a ɗakin bakin zaure, ni da Umma da ƙanwata. Sauran ɗakunan muka bar wa ƙadangaru. Banɗaki kuwa buhu muka rataya masa a madadin ƙofa.

Babu wanda ya sani. Umma ta kafa zana ta tare tsakar gidan, baƙuwa daga zaure sai ɗaki. A layi Hajiya ake ce mata, kuma duk Juma'a sai ta fitar da sadakar ƙosai. Wannan suturar ita ce abin da ya rage mata, ta fi son ta da abinci.

Sai aikin lambatu ya iso layinmu. Aka zo da jan fenti aka shafa wa katangarmu, wai ta shigo hanyar ruwa. Na ɗauka irin shafawar nan ce da ake yi a manta.

Wata rana na taso daga aikina na jinya a asibiti, da farin kayana, mai adaidaita sahu ya sauke ni a bakin layi. Na hango babu katanga. Daga titi ina ganin tukwanenmu, da shanyarmu, da buhun banɗaki iska tana kaɗa shi, da ciyawar da ta tsiro a ɗakin mahaifina. Umma tana tsaye a tsakiya da ludayi a hannu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da takalmina.

Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru. Na tasar wa shugaban leburorin, na wanke shi tas. Ya ce shi haƙa aka sa shi, gini namu ne.

Umma ta ce, "Ke, shigo ciki."

Na ce, "Wane cikin, Umma?"

"Rage murya dai. Jama'a kike tara mana."

Daidai ƙofarmu, tsallaken layi, akwai majalisar dattawa a gindin dalbejiya. Bencinsu tun ina yarinya gidanmu yake kallo. Babbansu wani tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, abokin mahaifinmu, muna ce masa Baba. Ranar suna zaune har magariba. Muka ɗaura zannuwa a igiya, iska ta ɗage su. Umma ta ƙi ko kusantar banɗaki, alwalarta ma a bakin ɗaki ta yi, a ɗuƙe kamar mai satar ruwa.

Da safe na leƙa, sai na ga an juya bencin. Dattawan nan suna jere, sun ba gidanmu baya, suna fuskantar bangon wani shago da babu komai a jikinsa. A haka suke hirarsu, a haka suke jin rediyo. Idan yara suka tsaya leƙe, Baba ba ya waiwayowa, daga inda yake zai daka tsawa su watse. Da hantsi maƙwabciyarmu 'yar Kudu mai ɗinki ta aiko da tamfol, ta ce na cocinsu ne, ba sa amfani da shi.

Ya kamata in ji daɗi, amma kunya ce ta ƙara rufe ni. Juya bencin nan ya tabbatar mini sun ga komai, har buhun. Na daina bi ta gabansu. Sai in zagaya ta hanyar Tarauni in ɓullo ta bayan layi, duk don kada in gaishe da ƙeyarsu.

Umma ta gane. Ta ce, "Su sun bar kallon titi saboda mu, ke gaisuwa ta gagare ki?"

Duk da haka ban je ba, sai da magini ya tayar mana da katanga. Bulo ne tsirara, babu filasta balle tayil. Ranar da aka ɗora layin ƙarshe na daure na tsallaka, na durƙusa a bayan bencin.

"Baba, ina wuni. An gama ginin."

Ya juyo a hankali, ya dubi katangar, ya dube ni.

"Wane gini, 'yar nan? Au, taɓa katangar aka yi? Ai mu ba mu lura ba."

Na ce, "Eh, Baba, ɗan gyara ne."

Ya ce, "To madalla. Ki gaishe da Hajiya."