Wilin Hagu na Motar Baba

Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana nake buɗe baki, amma wallahi abin da zan ba ku labari ya faru a gabana, a hanyar da ta tashi daga Magama zuwa bodar Nijar, lokacin ina aji ɗaya na sakandare. Yanzu ina shirin gamawa, kuma har yau ban samu wanda ya yi mini bayaninsa ba.

Babana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi. A daminar shekarar ya sayi wili guda biyu na hannu, da tayoyinsu, aka ɗaura a gaba. Sun sha sabon fenti, suna ta ƙyalli. Tun ranar sitiyari ya fara rawa. Ya je wurin mai faci aka daidaita iska, aka sake ɗaure notuna, sannan ya tafi har Katsina aka ɗora su a injin balansin, injin ya nuna lafiyarsu ƙalau. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in matsalar balansin ce sai an taka mota take rawa, ita kuwa wannan ko a guje ko a hankali ba ta yi, sai an wuce Magama an kusa wani kwalbati, nan sitiyari zai kama karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Ana cikin haka aka aiko daga Ɗan Isa cewa yayar kakata tana kwance, jiki ya yi tsanani, sunan ƙanwarta kawai take kira. Kakata, wadda muke ce wa Inna, ta ce ko da ƙafa ne sai ta same ta da rai. Aka ce in raka ta saboda ni nake riƙe mata magani.

Mun fita da hantsi, an kwana ana ruwa, gero ya yi tsayi a gefen hanya, ko'ina a jiƙe. Muna wuce Magama na ga carbin da ke rataye a madubi ya fara kaɗawa, sannan hannuwan Baba suka ɗauka.

"Inna, bari in tsaya in duba," in ji Baba.

"Ka duba mi? Sati nawa kana dubawa? Ka ja mu tahi, ɗan nan, kada in iske an rufe ta."

Baba bai taɓa yi mata musu ba, amma ranar ya sauka gefe. Ya sa jak ya ɗaga ƙafar dama, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi yana juya tayar da hannu. Inna tana ciki tana faɗa, ni ina tsaye riƙe da sifana.

Sai wani mutum ya fito daga cikin geron. Dogo ne, sanye da shuɗiyar riga, ya yi sallama a hankali ya tsuguna kusa da ƙafafun Baba.

"Mushe, ba wagga ba ce," ya ce, da irin Hausar mutanen Nijar masu ce wa malam mushe. "Ta hagu ce. Duba ta ciki."

Daga ƙarƙashin mota Baba ya ce, "An ɗora ta a inji, malam, lafiyarta lau."

"Ni ma haka aka ce mini. Kada ka hau kwalbatin can da ita."

Ni dai saboda kunya ba na kallon fuskar baƙo, hannuwansa na kalla. Ya miƙa su gaba a dunƙule, kamar wanda ya riƙe wani abu mai zagaye, kuma rawa suke yi daidai yadda na Baba suke yi ɗazu. Rigarsa a bushe take ƙayau, alhali ya ratso gona mai ruwa. Da na ɗan ɗaga ido, sai na ga ɓarɓashin gilashi yana walƙiya a gemunsa.

Baba ya fito ta ɗaya gefen, ya mayar da jak can, ya kwance wilin hagu, ya kifa shi, ya kankare fentin ciki da bakin sifana. Inna lillahi! Tsagewa ce doguwa, an yi mata walda an shafe da fenti, ga waldar ta buɗe, saura kaɗan ƙarfen ya rabu biyu. Ya zagayo zai yi godiya, babu kowa. Ni kaina ban ga tafiyarsa ba, kuma geron ko motsi bai yi ba.

"Ina mutumin?" Baba ya tambaye ni.

Inna ta leƙo ta ce, "Wane mutum? Kai kaɗai nike ji kana surutu da mota."

Baba ya ɗaura safaya, ya kwantar da wilin a bakin hanya, muka hau kwalbatin sitiyari tsit. Mun samu yayar Inna da ranta. Sun riƙe hannun juna sun yi hira har la'asar, washegari da safe Allah ya karɓi abarsa.

Da muna dawowa bayan sadakar uku, Baba ya tsaya ya ɗauki wilin don ya mayar wa wanda ya sayar masa. Ba ya nan. Na san za ku ce masu gwangwan ne suka ɗauke, ni ma na so in ce haka. Amma a danshin ƙasa na ga sawun taya ɗaya ya miƙe ya shige cikin gero, babu sawun ƙafar mutum ko ɗaya a gefensa. Mai sayarwar kuwa da aka tambaye shi daga wace mota aka cire, cewa ya yi shi ma bai tambaya ba.

Don Allah, in za ku sayi kayan mota na hannu, ku juya ku duba ciki, ku kuma tambayi inda aka ciro su. In kuma wani ya fito daga gona ya ce ku tsaya, ku amsa sallamarsa, amma kada ku kalli hannuwansa.