Kududdufin Kawu

Jiya na ga wani kwaɗo da mota ta taka a ƙofar shagunan da aka gina kan kududdufinmu na Zaitawa, sai Kawu ya faɗo min a rai. Da damina yakan ja ni bakin ruwan, warin laka na dukan hanci, ya ɗaga dutse a hankali ya nuna min 'yan kwaɗi da ramin damo, sannan ya mayar da dutsen yadda ya same shi.

"Gidansu ne," yakan ce. "In an kore su, ruwa zai nemi namu."

Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba 'ya'yansa suka cike kududdufin suka sayar. Bana ruwa ya ci ɗakin da ya bari a gidanmu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba shi gidan da ba mai sayarwa.