Matar Da Ta Ƙi Buga Hatimi

A ofishin wata masana'anta a birnin Hamamatsu na ƙasar Japan, wata gajeriyar mata mai furfura tana zaune, hatiminta damƙe a hannu. Ita ke zaɓen kamfanin da zai kawo musu ma'aikatan wucin gadi. Yatsunta duk tabon ƙuna ne. Da alama ita ma ta daɗe a gaban inji.

Wakilin wani kamfani yana ta rusuna mata yana kiran sunanta: "Kuwabara-san, namu ba sa ƙorafi. Wadda ta yi ciki kuwa, washegari mun sauya ta."

Da yatsa ɗaya ta tura masa takardarsa.

Wakilin ya ce, "Shugabanku fa ya amince."

"To ya sauko ya buga da kansa. Mutane na ce ka kawo min, ba tayar mota ba."